A Cewar Marubuci

Ƙarfe goma na dare a Rumde Ajiya,
zafin Garwa bai sauka daga bango ba.
Na rufe littafin bashin shago,
na buɗe wanda ba ya yafe kuskure,
na ɗora agogo a kan buhun albasa:
minti takwas, shafi guda, tambaya huɗu.

Shafin farko a kan ƙudan zuma ne
na wata ƙasa mai ƙanƙara.
Ban san su ba, ba su san ni ba,
sai na bi sawun kalma kamar baƙo a kasuwa,
ina tambayar kowace "amma" ina ta nufa,
ina tsayawa a bakin "sai dai" in yi sallama.
Huɗu cikin huɗu. Na sha shayina da sanyinsa.

Shafi na biyu ya zo da albasa.
Na yi dariya ni kaɗai.
Ni da na tashi a cikin warinta,
na san farashinta kafin mota ta haye gadar Binuwai,
na san abin da Duwala za ta biya a watan azumi.
Marubucin ya ce ajiya ce ke daidaita farashi.
Na ce: malam, ba ka taɓa kwance buhu
ka tarar rabinsa ya zama ruwa ba.
Na zaɓo amsa daga cikina, ban waiwayi shafi ba.
Ɗaya cikin huɗu.
Ɗayar ma faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Da safe na kai ƙara wajen Madam Jenabu,
mai koya mana a bayan kantin magani,
jaka biyu a wata, alli nata, benci namu.
Ta cire tabarau ta ce:
"Ba a tambaye ka gaskiyar albasa ba,
an tambaye ka me mutumin nan ya faɗa.
Ka ajiye saninka a ƙofa tare da babur,
ba mai sace shi."

Maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar karfasa.
Makarantar kasuwanci fa nake nema,
sai a ce in manta kasuwa kafin in shiga?

Kawu Bakari ne ya cire mini ita.
Dillali shekara talatin, ko bihim bai sani ba a boko.
Yana ɗinke bakin buhu ya ce:
"In mai kaya ya ce sha biyu ba ragi,
na san bai kai ba, shi ma ƙila ya sani,
amma gaban mai saye sha biyu zan faɗa.
Kai saƙo daban, ba da shawara daban.
Wanda bai iya maimaita maganar mutum ba
ba shi da bakin musanta ta."

Yanzu ina karatu kamar ɗan aike.
Kowane sakin layi in tare shi: me ka kawo?
Wannan da'awa, wancan hujja,
"wasu na ganin" kuwa baƙo ne
da mai alƙalami ya shigo da shi don ya kore shi a layi na gaba.
Amsar da ta ce "kullum" ina mata kallon
mai rantsuwa tun ba a tuhume shi ba.
Wadda ta ce "wataƙila" nakan ba ta kujera.

Saura kwana goma sha tara.
Jiya an ɗauke wuta, na ƙarasa da fitilar waya,
uku cikin huɗu, da rarar daƙiƙa arba'in.
Shafin albasar na ninke shi, yana aljihu.
In Allah ya sa na shiga,
akwai maganar da ban gama da marubucin nan ba.
Zan zo masa da buhu ɗaya na tsakiyar damina
ya kwance da hannunsa.