Fitila a Cikin Duro

Kawu Mati ba ya rubuta awo.
Igiyar rama ce littafinsa,
ƙulli uku a jikinta:
na tsawo, na ciki, na baki.
Ya ce, "Ilu, da-na-sani ƙeya ce,
almakashi kuwa gaba yake ci,
ba ya waiwayawa."

Fallen kwano ya sauka ran Lahadi
daga motar 'yan kasuwar Gujungu.
Muka shimfiɗa shi gindin maina
yana rama wa rana hararar da take masa.
Na ja layi da ƙusa,
shi kuma ya ƙara yatsa biyu a gefe.
"Rabon kalmasa ke nan," in ji shi,
"wanda ya yanka daidai wa daida
ya yi wa kansa rowa."

Kututturen giginya ne injinmu.
Ni in danne da gwiwa,
shi ya bi da gudumar katako,
kaɗan-kaɗan, kamar mai horon maraƙin huɗa.
Ƙarfe ma yana da zuciya:
ka matsa masa, ya yi maka ƙusumbi,
ka lallashe shi, ya zagayo da kansa
har gefe ya kama gefe,
ƙugiya cikin ƙugiya, babu rabuwa.

Sai ɗamara biyu a tsakiya.
Duron da bai yi ɗamara ba rago ne,
akuya ta sosa jiki ya lotsa.
Sai gindi: ƙusa ɗaya a tsakar falle,
igiya ta kewaya ta haifi faifai.
Darma ta narke tana bin ɗinki
kamar ruwan farko a kwarin kunya,
hayaƙinta yana sa ni ƙwalla
ba tare da an yi mini rasuwa.

Na Lantana ne wannan, mai ƙosan bakin tasha.
Bara ta adana wake buhu huɗu,
kafin azumi ƙwari sun mai da shi gari,
kowace ƙwaya da tagarta.
Ta ce, "Ina son duron da ba ya numfashi."
Kawu bai ji ba. Shekara arba'in na guduma
sun cinye masa kunnen dama,
na hagun ma sai da ɗaga murya.
Na maimaita. Ya gyaɗa kai, ya ce ta dawo jibi,
bai yi mata wata rantsuwa ba.

Bayan isha ake yi wa duro shari'a.
Mu kunna aci-balbal, mu sa a ciki, mu rufe.
Idon Kawu ya yi hazo,
don haka ni ne shaida.
Na durƙusa ina bin ɗinkin da na yi da hannuna,
ga duhu, ga duhu, ga duhu,
sai ga tauraruwa ɗaya kusa da gindi,
ƙarama, ba ta kai kan allura ba.
Ba wanda ya gan ta sai ni.
Na yi shiru gwargwadon haɗiyar yawu,
barci yana ja na, gawayi ya mutu.
Sannan na kama yatsansa na ɗora a wurin.
Ya yi dariya: "Inda haske ya fita,
nan ƙwaro zai sha iska.
Tashi ka hura wuta."

Wata bakwai Lantana ba ta buɗe ba.
Da ta buɗe, ta aiko ƙanenta da akushi,
ƙosai har da yaji a ƙullin leda.
Kawu ya ci biyu, ya kife sabon duro,
ya nuna mini ɗigo ukun da yake bugawa a gindi,
ya miƙo mini ƙusar,
ya ce in ƙara nawa.