Kashin Maƙera a Dajin Kentaki

Mun bar mota inda kwalta ta gaji.
Kawu Lemuel na gaba da sandarsa,
ya ɗaure mata maganaɗisu a gindi da igiyar takalmi.
Ni ina baya da taswirar da ta girmi uwata,
ta yage a kan ninki, daidai wurin da muke nema.

Nuwamba ce, itatuwa sun tuɓe.
Ya ce sai yanzu daji ke faɗin gaskiya,
in ganye ya cika, rantsuwa yake yi
ba a taɓa yin kowa a nan ba.

"Kar ki nemi gini," in ji shi,
"nemi ƙorama tukuna.
Wutar nan ba ta kwana nesa da ruwa,
ruwa ne ke danna mata zuga-zugi."
Muka bi ƙoramar, tana ta surutu,
ba ta amsa ko ɗaya cikin tambayoyinmu ba.

A wani fili zagayayye kamar faifai
ya tona da dunduniya. Ƙasa baƙa wuluk.
Nan aka toya gawayi.
Dajin da ke kanmu jika ne,
kakansa tanderu ya cinye, tudu bayan tudu.

Littafin mai tanderun yana ajiye a birni,
sai da na wanke hannu aka bar ni na taɓa.
Alfadarai shida, kowane da sunansa.
Gatura arba'in.
Sai layi guda: Cuffee, hayar shekara,
an biya ubangidansa.
Bargo ɗaya. Takalmi ƙafa biyu.
Kakan kakan Kawu ke nan,
iyakar abin da takarda ta sani.

Bakin sandar ya tara baƙin yashi
kamar gemun bunsuru.
Kawu ya yi dariya har ta zama tari:
"Janye ta daga ƙuguna,
likita ya sa min ƙusa uku."

Sai ga shi kwance a cikin ruwa,
shuɗi, kore, wani kamar idon kyanwa:
kashin maƙera, kakin da wuta ta tofar.
Ƙarfen ya tafi, ya zama tukwane,
ya zama garma, ya zama abin da ba na son faɗa.
Abin da aka ƙi ne ya tsaya gadin gida.

Tanderun kuwa tudu ne kawai,
gansakuka ta lulluɓe shi,
bishiya ta fito ta maƙogwaronsa.
Ko dutse ɗaya babu.

"Duwatsun?" in ji wata tsohuwa a bakin shinge,
Arvilla Stamper, karenta na jingine da ƙafarta.
"A kansu gidana yake zaune.
Kakana ya kwashe su da keken shanu.
Ku shigo, akwai kofi."

Muka sauka ɗakin ƙasa, matakala goma sha ɗaya,
na ƙirga saboda ƙugun Kawu.
Kwalaben wake da na tumatir a jere,
bayansu bango,
kowane dutse da fuska guda a ƙone,
tana sheƙi kamar tabon wuta a fata.

Ya ɗora tafin hannunsa.
Na zaci addu'a zai yi, na sunkuyar da kai.
Tsohuwar ta fara faɗin wani abu, ta haɗiye.
Can ya ce, "Ya huce."

A sama kofi ya tafasa har ya zube,
ba wanda ya motsa.

Da za mu tafi ta cusa masa kwalbar wake,
bai karɓa ba, bai kuma ƙi ba,
ni na riƙo.
Shuɗin dutsen da na ɗauko a ƙorama
ya huda aljihuna tun kafin mu kai mota,
ina jin sa yana gangarawa cikin rigar sanyi,
yana neman ƙasa.