Tambaya ta Uku

Fanka na juyi a sama kamar mai gyangyaɗi.
Mu arba'in, biro arba'in na sosa takarda.
Madam Owusuaa ta rubuta lokaci a allo,
ta zauna, ta zare takalmi ɗaya.

Tambaya ta ɗaya na wuce ta a guje:
karen nan da ƙararrawa, da yawun da ya dalalo.
Ta biyu, matakan girman yaro,
na haddace su jiya a cikin trotro daga Aboabo,
gwiwata a jikin buhun gawayin wata mata.
Ta uku ce ta tsare mini ƙofa:
"Yi bayanin yadda mutum ke tunawa
da yadda yake mantawa. Kawo misali."
Maki ashirin.

Na san abin da littafi ya ce.
Akwai ma'ajiyar yanzu-yanzu, mai ƙaramin ciki,
abu bakwai take ɗauka, na takwas ya zube.
Akwai ma'ajiyar dogon zango, rumbu marar gindi.
Na rubuta. Na ja layi da rula.
Saura misali.

Misalin na gida, kan tabarma, gefen famfo.
Kakana Baba Gariba,
shekara talatin yana ɗaure huhun goro a Asawase.
Da safen nan na kai masa koko da ƙosai,
ya sha, ya suɗe kwano,
kafin in ɗaura ɗankwali ya ce,
"Yau ba a karyawa a gidan nan?"
Amma tambaye shi kuɗin daushe
shekarar da aka canja kuɗi,
sai ya faɗa maka har da na farsa.
Ya jero maka tashoshi, ba tuntuɓe:
Tachiman, Kintampo, Tamale, Walewale,
da sunan direban da ya ci masa bashi a Bolga
bai biya ba har ya mutu.

Turanci ne ya fara yi masa sallama.
Sai Asantanci, wanda da shi yake ciniki a Kejetia
har matan kasuwa na dariya suna rage masa.
Hausa kaɗai ta zauna,
ita ma ta yarinta, ta gidan uwarsa.
Na ƙarshen shigowa, farkon fita.
Wannan ma yana cikin littafi, shafi na casa'in da wani abu,
amma littafin bai ce yana tofa addu'a a tafin hannuna ba.

Tun bara ya daina ce mini Rahinatu.
Adiza yake kirana,
ƙanwarsa da aka binne kafin a haifi uwata.
Da fari ina gyara masa.
Yanzu sai in ce, "Na'am, Yaya."

Yaya ake sa wannan a layi goma sha biyu?
Takarda Turanci take ci.
Na rubuta "wani dattijo". Ban sa sunansa ba.
Na ba shi koko, na ba shi goro, na ba shi hanyar arewa,
na ɓoye Adiza.
Wani malami a Ankara zai karanta da jan biro,
ya ce misali ya yi daidai, ko bai yi ba,
ya hamma, ya ɗauki ta gaba.

"Saura minti goma."
Kwabena a gabana yana ta goge zufa da hannun riga.
Malam ya ce kowace amsa sai da kammalawa.
Na rubuta "A taƙaice", na tsaya.
Ba ta taƙaitu ba.

Ana karɓar takardu na ga saman shafi fari fat,
na manta ban sa sunana ba.
Biro a sama, numfashi ɗaya, biyu.
Sannan na rubuta shi, harafi-harafi,
na danna sosai har ya fito a bayan takarda.

In na koma gida zai ce,
"Adiza, ina kika shiga tun safe?"
Zan ce, "Kasuwa, Yaya."
Zai ce, "Goro ya hau?"
Zan ce ya hau.