Bencin Nalado

A Ƙofar Guga nake facin taya,
shekara sha tara rana na dukan ƙeyata,
ina kallon teburan shayi biyu a tsallaken titi.

Na Nalado, madara har bakin kofi,
burodin yau, canjinka cif,
bai taɓa cin sisin kowa ba.
Amma ƙuda ne ke zama a bencinsa.

Na Mati kuwa ruwan ganye ne da ƙyallin sukari.
Ya rantse madara ta yi tsada,
ya manta canjinka, ka tuna masa, ya yi dariya,
kai ma ka yi, ka bar masa.
Can ake cika har wasu na tsugune.

Na tambayi Iro direba, me Nalado ya yi maka?
Ya sosa kai, ya ce jininmu ne bai haɗu ba.
Lawai tela ya ce gaisuwarsa gajera ce.
Wani ya ce ya yi kama da malamin da ya zane shi a firamare.
Baƙin jinin muzuru ke nan,
mai kaza zagi, marar kaza zagi.

Ni ma fa wajen Mati nake sha.
Wani dare barci ya ƙi, na tsare kaina da tambaya.

Shekarar da Inna ta kwanta asibiti
gida bakwai na shiga, kowa sai haƙuri.
Mati ya rungume ni, ya yi doguwar addu'a,
hannunsa bai kai aljihu ba.
Nalado bai ce uffan ba,
ya ɗauko gwangwanin da yake tara kuɗin rufin ɗaki,
ya juye mini, ya kau da kai
don kada ya ga hawayena.
Amma ya gani.

Na biya shi kafin damina ta faɗi.
Abin da ya gani ne na rasa yadda zan biya.
Tun ranar, in na hango shi, sai in duƙa kan taya
kamar mai neman huji.

Wajen Mati kowa babba ne,
ba wanda ya san ranar da ka durƙusa.

Jiya da asuba na tsallaka.
Na kore ƙudan, na zauna.
Bai tambaye ni ina na shiga ba,
ya hura wuta, ya miƙo kofi.
Daga can Iro ya ɗaga murya, lafiya kuwa?
Na ce lafiya lau.
Shayin ya ƙone mini harshe, na shanye.