Minti Huɗu da Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

A hawa na uku na tsangayar ilimi, a Ulanbator,
inda hayaƙin gawayi ke kwana bisa birni kamar bargo,
na shekara biyu ina koyon
yadda ake dafa darasi a zuba shi cikin waya
ya isa gidan da malami bai taɓa takawa ba.

Farfesa Gombojab, mai tabarau ɗaure da zare,
ya ce: Ariunzaya, kada bidiyo ya wuce minti shida.
Hankalin yaro tsuntsu ne, ba ya daɗewa a reshe.
Tace sauti. Yanke tari. Yanke shiru.
Na rubuta, na haddace, na ci jarrabawa.

Darasi goma sha biyu na haɗa kan rabi da kwata,
don 'ya'yan makiyayan Arhangai
da dusar ƙanƙara ke toshe wa hanyar makaranta.
Sha ɗaya a ɗakin naɗar sauti na yi su,
bango mai soso, fitila uku,
muryata sumul kamar an shafa mata mai.
Na ƙarshen, kuɗin haya ya ƙare,
sai na ɗauke shi a tantin kakata ran hutu,
waya jingine da tulun madara.

Alƙaluma suka dawo, na zauna da shayi mai gishiri.
Sha ɗayan nan, minti biyu yara sun watse.
Na ƙarshen kuwa, layin jadawali ya yi tozo kamar raƙumi
a wuri guda: minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya.
Su koma baya. Su sake komawa.
Wani yaro har sau ashirin da bakwai.

Na ce: a nan na rikita su.
Na cika shafi tara kan nauyin da ke danne ƙwaƙwalwa,
na jero sunayen masana kamar tumaki a bakin rijiya,
amma ban buɗe bidiyon ba.
Kunya ta riƙe mini yatsa.

Da ƙanƙara ta narke na bi mota, wuni da kwana,
na samu mai sau ashirin da bakwai.
Sodbileg sunansa, haƙori biyu babu.
Ya zaro wayar daga ƙirjin rigarsa,
can yake ɓoye ta kada sanyi ya shanye batir,
ya ja yatsa, bai ko duba ba.

Ga ni ina yanka cuku gida huɗu.
Wuƙa ta goce, ɗaya ya fi sauran.
Daga bayan murhu sai muryar kaka Dolgorsuren:
Ke! Wa za ki miƙa wa ƙaramin?
Wanda ya yanka, shi ke ɗauka a ƙarshe!
Ɗan rago ya yi kuka. Na tuntsire da dariya.
Ashe na manta ban yanke wurin ba.

Yaron ya kwaikwayi muryarta har da tarin,
ƙannensa uku suka faɗi ƙasa don dariya.
Ya ɗauko burodi, ya auna da ido,
ya daɗe kafin ya sa wuƙa.
Huɗu cif. Ya ɗauki nasa a ƙarshe.

Ranar kare kundi, Farfesa ya cire tabarau,
ya kalli wurin sau biyu, ya ce:
To, wannan a wane shafi za mu sa ta?
Ba ta da shekarar bugu, ba ta da mujalla.
Na ce ban sani ba.
Shi ne amsar da na fi gaskiya a kanta ran nan.

Da dare na kira kaka,
sai da ta hau tudu kafin layi ya kama.
Na ce na gama, an ba ni digiri na biyu.
Iska na kaɗa maganarta, ta ce:
Madalla. Yanzu kin iya yankan?