Amin Ɗina Mai Giɓi

Lahadi a Agege, kafin jirgin ƙasa ya girgiza tagogi,
na ɗaura kallabin zumuntar mata,
na zauna benci na uku, inda fanka ba ta kaiwa.

Shekara ashirin da biyu ina nan.
Nan aka miƙa Gidiyon yana jariri,
nan aka tara mini kuɗin asibiti cikin tasar baiko,
ba wanda ya ce yaushe zan biya.

Amma da Fasto Filibus ya buɗe littafin koyarwa
yana lissafa waɗanda za a rufe wa ƙofa,
sai na tuna Iya Risika, maƙwabciyata,
wadda ta goya Gidiyon ran da zazzaɓi ya kayar da ni,
carbi a hannu ɗaya, mafici a ɗayan.
Bara aka binne ta.
Jama'a suka ce amin.
Nawa ya maƙale a wuya kamar ƙayar kifi.

Dinatu ta zungure ni.
Ita da ke cire 'yan kunne a bakin ƙofa,
ta mayar da su cikin danfo!

Ban fita ba. Ina za ni?
Ba a zubar da shinkafa don tsakuwa ɗaya,
ba a kuma haɗiye tsakuwar.

Da aka tayar da waƙar rufewa
muryata ta fi ta kowa.
Ubangiji, ka ji amin ɗin da na faɗa.
Ka ji wanda na riƙe ma.