Bara da Bana

A rumfar cajin waya ta Ɗanjuma, nan Kanya Babba,
na ɗora kwamfuta kan buhun riɗi.
Amfanin ƙauye huɗu na cikinta, na damina biyu.

Na rubuta mata umarni, ta ƙi.
Waƙafi ɗaya na manta,
ta turje kamar jaki a bakin kwalbati.
Na gyara. Sai ga sanduna sun miƙe bibbiyu,
koriya ta bara, ja ta bana,
kafaɗa da kafaɗa, ya da ƙanwa.

Baba Tsalha ya leƙo, goro a kumatu.
"Ina tamu?"
Na nuna masa. Koriyar ta kai wuya,
jar ko gwiwa ba ta kai ba.

Ya daɗe yana kallo.
"Gajeruwar nan ta san kwana ashirin ba ruwa?
Ta san karsanar da na kai Maigatari?"

Na ce ƙidaya kawai ta iya, Baba.
Ya tofar da tuka.
"To matsa su, ka bar wuri a gefe.
Baɗi ma sanda ce."

Na bar gurbin, fari fat.
Batir saura kashi uku.